Bazarar da Muka Riƙe Saniyar Buba

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa mutum ya tsani tabarmarsa. Ina kishingiɗe a inuwar ɗaki, kunu na hucewa a gefena, sai ga jikana Sani ya shigo yana ƙunƙuni. Malaman dabbobi ne suka zo kwanan baya a kan babur, suka ɗebi jini da kashin shanun madarar da yake kiwo a bayan gida, yau kuma suka aiko cewa ɗaya tana da ciwon hanji marar magani, a raba ta da garke. Saniyar ba tasa ba ce, ta wani abokinsa ce a Kano. A gabana ya zaro waya ya kira mutumin, suka gaisa, suka yi dariya, wancan ya ce a kai wa mahauta kawai. Kafin kununa ya huce an gama magana.

Na ce ya fice mini daga gani. Yaron ya tsaya yana tambayar laifinsa, ba shi kuwa da laifin komai. Ni ce raina ya ɓaci, don na taɓa ganin wannan ciwo, a zamanin da ba a gama magana kafin kunu ya huce.

Zamanin Turawa ne, muna wani ɗan ƙauye a bayan Gwangwan, lokacin mu da Rogo duk Karaye muke bi. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Gyaɗa kuwa ka ɓare ka tarar da iska. Tun rani bai yi nisa ba Malam, mai gidana, sai ya shige cikin rumbu gaba ɗayansa kafin ya fito da abin awo. Da bazara ta kama, aka koma tuwo sau ɗaya, sannan aka fara haɗa shi da dusa. Garin ɗorawa da a da yara ke lasa don marmari ya zama abincin manya. Da asuba mukan yi layi a bakin rijiya, a zura guga a jira ruwa ya taru a gindi, ya fito ja kamar kunun kanwa. Maza na gona suna sassabe da ƙona, suna ɗaga kai gabas. Kullum da la'asar hadari zai haɗu baƙi ƙirin, iska ta kwashe mana zana, ya watse ba ɗigo.

Ni a lokacin ina goyon fari, mace, an sa mata sunan surukata, Iya. Iya na kiranta takwara, ni kuwa ba na kiranta komai, don 'yar fari ce. An raine mu a kan cewa uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka a tsakar gida sai wani ya ce ki ɗauka, ke kuma ki ɗauka kina ɗaure fuska. Bayan na gama wankan jego zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi nono ya ƙafe. An ba ni jiƙe-jiƙe har na gaji da ɗaci, ba abin da ya dawo. Yarinyar ta koma shan nonon saniya, a tafasa a ba ta da ɗan ludayi.

Saniya ɗaya ce a gidan, fara mai baƙin kunne, ba kuma tamu ba ce. Akwai wani Bafulatani, Buba, da ke sauka da garkensa a gonar Malam don taki, Malam na ba shi dawa. Wata shekara mahaifin Buba ya rasu a gonar, Malam ya tara mutane aka yi masa sutura kamar ɗan gari. Da za su tashi, Buba ya jawo wannan saniya ya damƙa wa Malam igiyarta. Su Fulani suna ce mata habbanaye, mu muka ce saniyar amana. Za ka riƙe ta, ka sha nono, 'ya'yan da ta haifa naka ne, in ta yi 'yan haihuwa ka mayar da uwar ga mai ita. Iyakar abin da muka sani ke nan, mu manoma. Ko suna ba mu sa mata ba, kowa saniyar Buba yake ce mata. A wannan shekara fari ya kora Buba kudu da wuri, can bayan ƙasar Zazzau, ba wanda ya san inda ya yi mashekari.

Tun kafin Bature ya zo duba shanu mun ga saniyar tana zawo. Ba jini, ba wani wari, ruwa kawai tsululu da 'yan kumfa, ya ɓata mata cinyoyi da wutsiya. Abin da ya ruɗe mu, cinta bai ragu ba. Harawa, kara, dusar da muke rowa wa kanmu, duk abin da aka zuba sai ta share, idonta garau, amma kullum ƙashin ƙugunta na ƙara fitowa. Wasu suka ce sammore ne, wasu suka ce hanta. Iya ta ba ta kanwa, ta ba ta sassaƙen maɗaci.

Ana nan sai maroƙin dagaci ya yi shela, duk mai saniyar tatsa ya kai ta gindin kukar da ke hanyar Karaye, likitan dabbobi zai duba. Gari ya ɗauka wata dabarar jangali ce, masu shanu da yawa suka kora rabi cikin kurmi. Malam bai iya ɓoye ko allura ba, ya ja ta ya tafi, Iya na biye da ɗan maraƙin da ta haifa mana. Ita ta dawo ta ba ni labari. An kafa shingen itace ana shigar da shanu ɗaya bayan ɗaya. Bature na zaune da hular kwano, zafi ya mai da shi kamar ɗanyen nama, yana leƙa wani madubi. Malamin dabbobi, ɗan ƙasa, shi ke aikin. Ya aske ɗan gashi a wuyan saniya, ya matse fatar da wani ƙarfe, ya yi allura a wurin, ya ɗebi kashinta da tsinke a 'yar kwalba. Aka ce kowa ya dawo gata a ga ko wurin ya tashi.

Duk matan gari suka duƙufa shafa wa wuyan shanu toka da man shanu don kada ya kumbura. Iya ma ta shafa har hannunta ya gaji. Wuyan tamu ya tashi kamar ƙwan zabo. Da aka mayar da ita, suka shafa mata jan fenti a ƙaho.

Malamin dabbobin ya biyo Malam har gida don ya ga turkenta. Ina bayan zana da yarinyar a baya, na ji komai.

"Malam, wannan ba sammore ba ne, ba kuma hanta ba ce," in ji shi. "Wata ƙwayar cuta ce ke cin hanji a hankali, hanjin ya yi kauri, abinci ya riƙa wucewa banza. Ta daɗe da ita, tun tana maraƙa. Ba mu da maganinta, Bature ma ba shi da shi."

"To yaya za a yi, ranka ya daɗe?"

"A nesanta ta da rijiya da sauran shanu, a riƙa binne kashinta. Nonon a tafasa sosai. Shawarata kuwa, ka yanka tun da sauran nama a jikinta. Naman na ciwuwa, kayan ciki kawai za a zubar. In ka jira, fata za ka tarar."

"Ba tawa ba ce."

"To ka nemi mai ita, ka yi sauri."

Mutumin bai yi mana tsawa ba, bai karɓi komai ba. Ya sha ruwan nan ja da Iya ta miƙa masa, ya yi godiya, ya tafi.

Aka mayar da turkenta bayan gida, gindin wata aduwa. Jan ƙahon nan ya sa maƙwabta suka fara kewaye gidanmu kamar mu ne masu zawon. Kowace safiya Malam zai ɗauki fartanya ya binne abin da ta zubar, ya yi tafiya har fadama ya ɗebo mata ruwa, ya hau gawo ya karkaɗo mata 'ya'ya. Mutum ne da in ya riƙe abu, ko wuta ce, sai dai hannun ya ƙone. Da farko wannan hali nasa ya sa nake ganin girmansa. A bazarar nan kuwa na tsane shi saboda shi, ba kuma na jin kunyar faɗa yanzu.

Nono ya fara ja baya. Ƙwaryar da a da ke cika ta koma rabi, rabin ma sai an yi ta lallashi.

Ranar wata kasuwa sai ga Sarkin Fawan Beli ya zo da kansa, don labarin jan ƙaho ba ya kwana. Ya zaga ta, ya dafa gadon bayanta, ya ce da sauran abin yi. Zai ba da akuya mai shayarwa da 'ya'yanta, ya ƙara da dawa, ya tafi da saniyar a ranar. Akuya mai nono! Malam ya ce a yi haƙuri, amana ce.

Iya ta bari baƙo ya tafi, sannan ta tare shi a bakin rumbu. "Tanko," haka take kiransa, "kana da hankali kuwa? Takwara na shan iska, kai kana kiwon kura da harawa?"

"Iya, in Buba ya dawo ya ce ina saniyarsa, in ce masa na ci?"

"Ka ce masa uwarka ta ci!"

"Mutumin nan ya ba ni ne don ya yarda da ni. Yau in na sa mata wuƙa, duk Bafulatanin da ke ƙasar nan zai ce ga halin Bahaushe, a ba shi riƙo ya haɗiye."

Iya ta je wurin liman. Liman ya kira Malam ya ce masa lalura na halatta abin da ya fi wannan, ya yanka, in mai ita ya zo a yi sulhu, shi zai tsaya. Malam ya saurara kansa a sunkuye, ya ce Allah ya gafarta malam, amma ba liman ne ya karɓi igiyar ba. Ya ba fatake sallahu, ya tambayi 'yan cin rani da ke dawowa, kowa ya ce bai ga Buba ba. Daga baya ya ɗauki gora da sanda ya yi kudu da ƙafa, ya bar gonarsa ba a gama shara ba. Ya dawo leɓe a tsage, ƙafa a kumbure. Duk rugar da ya je, sai a ce masa Buba ya yi gaba.

Ni fa? Ni ce uwa, ni ce ke jin nauyin yarinyar na raguwa a bayana, har zanen goyo ya fara yi mata yawa. Amma in buɗe baki a gaban suruka da miji in ce a ceci 'yata ta fari? Da an yi ta labari a bakin rijiya har jikokina. Sau ɗaya na gwada. Ina ajiye masa ɗan tuwo, na kau da kai na ce, "An ce akuyar Sarkin Fawa tana da nono." Ya ce, "Haka na ji." Iyakar ihun da aka koya mini ke nan, na kuwa yi shi.

Da rumbu ya kai ƙasa, Malam ya tuna cewa maraƙin nasa ne, shi yana da iko da shi. Ya kai wa Sarkin Fawa ya karɓo dawa kaɗan, don wa zai ba da akuya mai nono a kan maraƙin da ya sha nonon mai jan ƙaho? Washegari Iya ta durƙusa tatsa, saniya ta riƙe nononta ƙam. Irin shanun nan ba sa saki sai sun ji ɗansu a gefe. Iya ta ɗora hannu a ka, ta ce ita ma ta san haka, yunwa ce ta mantar da ita. Aka bi Sarkin Fawa, ya riga ya yanka maraƙin, aka roƙo fatar, Malam ya cusa mata ciyawa ya ɗinke, aka shafa kanwa a bayan. In za a yi tatsa sai a jingina mata wannan gunki, ta yi ta lasa tana wani ƙaramin kuka, nono ya ɗan sauko. Ba na son tuna wannan lasar. Dabarar ta yi 'yan kwanaki, daga nan ba ta ma riƙe komai ba, babu ne kawai.

Muka koma ba yarinyar ruwan koko. Iya ta bi gidaje da ƙoƙo tana neman nonon akuya, wata rana a samu, wata rana a ce 'ya'yan sun tsotse. Wata mai goyo a unguwar ta ba ta mama sau biyu, a na uku mijinta ya hana, ya ce nasu ɗan ma bai ƙoshi ba. Ban ga laifinsa ba. Haɓar saniya ta kumbura kamar an rataya mata gora, farin gashinta ya zama ruwan ƙasa. Sarkin Fawa ya sake biyowa wata rana, ya leƙa ta kan danga, bai ko yi sallama ba ya juya.

Ruwa ya sauka wata ranar Laraba da hantsi, ba iska ba tsawa, kamar ba shi ne ya wahalar da mu ba. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle. Duk wanda ke iya tsayuwa ya fita shuka, maza na gaba da sungumi, mu muna baya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Irin da muke zubawa yunwa na cewa mu watsa a baki. Bayan kwanaki tafasa da yaɗiya suka fito, muka samu abin kwaɗo, manya suka fara jin ƙafafunsu. Amma ɗanyen ganye ba abincin jariri ba ne. Ita ma yarinyar zawo ya kama ta, ta daina kuka sai dai ta buɗe baki.

Ta rasu da safe ana noman fari. Iya ce ta kwance ta daga bayana, ta duba, ta ce, "Takwara ta riga ni." Aka kira Malam daga gona, ya ɗauke ta a hannu cikin ɗan ƙyalle, shi da liman da mutum kaɗan. Mata suka shigo suna cewa sai haƙuri, wani na tafe. Na zauna a bakin murhu idona a bushe kamar yadda ya kamata, har wata tsohuwa ta yaba mini. A bayan gida ina jin saniyar Buba na tuƙa, da ranta.

Ba a yi sadakar bakwai ba muka ji kukan shanu daga kudu. Fulani sun biyo ruwa sun dawo. Da hantsi Buba ya yi sallama a ƙofar gida, sanda a kafaɗa, matarsa na biye da ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Suka gaisa da Malam, gaisuwa mai tsawo, gida, gona, ruwa, gajiya.

"Fatake sun ce kana nemana," in ji Buba. "Na ce ko nono ne ya yi kaɗan, shi ya sa muka taho wa yarinya da wannan. Ina take?"

Malam ya ce, "Allah ya karɓi abarsa." Buba ya yi salati, matarsa ta sauke ƙwaryar a hankali ta shigo wurina. Malam bai bari an gama ta'aziyya ba, ya ce, "Zo ka ga amanarka."

Na bi su da ido ta ɓular danga. Tana kwance gindin aduwa, ta kasa tashi tun jiya, haƙarƙari a waje, wuri kuwa a share tas, ga ruwa ga ɗanyar ciyawa a gabanta. Malam ya ba shi labari tun daga allurar wuya har zuwan Sarkin Fawa da akuyarsa, bai rage komai ba. Yana magana da muryar wanda ya sauke kaya. Ya ƙare da cewa, "Ga ta nan da ranta, ban taɓa ta ba."

Buba ya daɗe a tsugune yana shafa mata goshi. Da ya ɗago, fuskarsa ba godiya a ciki.

"An ba ka akuya mai nono, ka ƙi?"

"Ba tawa ba ce, Buba."

"Malam, don me ake ba da habbanaye? Don a ga ko mutum ya iya tsaro? Don kada gidanka ya rasa ne. In ta mutu a hannunka ba a biya. In yunwa ta shigo ka yanka, ba mai tambayarka. Da ka yanka ta, da wata zan jawo in ba ka."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Wa ke faɗin wannan? Ai kowa ya sani."

Malam ya zauna a ƙasa, a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, mutumin da ko a gona ba ya zama sai a kan buzu. Buba ya zaro wuƙarsa, ya juya kan saniyar gabas, ya yi bisimilla. Ko motsin kirki ba ta yi ba. Da aka feɗe ba a samu abin da za a ɗora a wuta ba, hanjin ya yi kauri ya nannaɗe kamar yadda malamin dabbobi ya faɗa. Suka haƙa rami suka binne ta gaba ɗaya.

Baƙi suka tafi, suka bar ƙwaryar a tsakar gida. Har azahar tana nan ba wanda ya taɓa faifan. Malam na bayan gida bai shigo ba. Daga ƙarshe Iya ta tashi, ta ce abin Allah ba a barinsa ya lalace, ta buɗe. Kindirmo ne mai kauri, ga ɗan man shanu na yawo a kai, ya isa ƙaramin yaro kwana da kwanaki. Ta zuba a ƙoƙo ta miƙo mini, ta ce in sha, jikina na buƙata.

Na karɓa da hannu biyu na kafa kai. Yana da daɗi, wallahi yana da daɗi, na kuwa shanye shi tas.